Alamar Jan Farce: Rayuwar Hajiya Barakatu Mai Tangaran

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Barakatu Ya'u a shekarar 1957 a unguwar Sabo ta birnin Ibadan. Mahaifinta, Malam Ya'u, farken goro ne da ya sauko daga Bichi yana saurayi da niyyar zaman damina ɗaya, ya zauna har aka binne shi a nan da furfurarsa. Mahaifiyarta, Ashatu, haifaffiyar Sabo ce, kuma dillaliyar kayan ɗaki ce, wadda matan aure kan miƙa wa kwanuka da zannuwa a ɓoye idan buƙata ta matsa, ta kai wani gida ta sayar.

Karatu

Ta fara karatun allo a zauren gidansu, ta sauke Alƙur'ani a 1970, ta kuma yi aji huɗu na firamare a Mokola, inda ta samu Yarbanci mai kyau. Sai dai ilimin da ya amfane ta tsawon rayuwa a bayan mahaifiyarta ta ɗauke shi, tana riƙe mata ƙullin kaya daga gida zuwa gida. A nan ta san al'adar matan unguwa ta yi wa gindin kowane faranti da kofi na tangaran alama da jan farce, wata ɗigo uku, wata layi biyu, domin idan an ara don biki kaya su koma ɗakin mai su. Matan Sabo, har waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba, sun haddace waɗannan alamomi fiye da sunayen jikokinsu. A nan kuma Ashatu ta gindaya mata sharaɗin sana'a, cewa ko da wuƙa aka sa mata a wuya kada ta faɗi ɗakin da kaya ya fito.

Aure da iyali

A 1975 aka ɗaura mata aure da Alhaji Babandi, mai fataucin albasa, wanda daga baya ya kafa rumfa a Kasuwar Shasha. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Da mahaifiyarta ta rasu a 1988 ta gaji dillanci, ta riƙe shi kusan shekara ashirin ba a taɓa jin sirrin wata mace daga bakinta ba.

Farkon sana'ar hasumiya

Daga wajejen 2004 yayi ya juya, amare suka koma kuloli da kayan kicin na zamani, tangaran ɗin da iyaye suka jera a kabad ya rasa mai tayawa, balle wanda bakinsa ya ɓantare. Hajiya Barakatu kuwa ba ta iya mayar da mace hannu wofi, sai ta riƙa karɓa tana tarawa a ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, har Alhaji Babandi ya soma ƙorafin cewa faranti zai kore shi daga gidansa.

A daminar 2006 ta kifa wani babban kwano a tsakar gida, ta ɗora masa faranti, ta ɗora butar shayi da kofuna, ta rufe da faranti mai zurfi, ta manne su da irin gam ɗin da ɗanta Abbas ke aiki da shi a garejin gyaran mota. Ruwan sama ya taru a saman, tsuntsaye suka mai da wurin mashaya. Wata Bayarabiya mai sayar da furanni a Mokola, Iya Ronke, ta shigo Sabo sayen goro, ta biyo ta gidan ta gani, ta ƙi tafiya sai da aka naɗe mata shi a buhu. Daga nan masu lambun furanni suka fara aiko da saƙo. Ba ta taɓa yin siffar abu mai rai ba, sai hasumiya da fure, shi ya sa malaman unguwa ba su ce mata uffan ba.

Al'amarin 2007

A shekarar da ta biyo ta ƙera mafi girman aikinta, hasumiya mai tsayin mutum, wadda ta kewaye samanta da farantai a tsaye kamar ganyen fure. Kyan aikin ya ɗauke mata hankali, ba ta lura gindin farantan waje yake kallo ba. Iya Ronke ta girke ta a bakin titi. Wasu matan Sabo da za su gidan suna suka tsaya kallo, suka ga ɗigo biyu da layi ɗaya, alamar Rabi, maƙwabciyar Hajiya Barakatu, wadda mijinta tela ya shekara a kwance. Ita kuwa Rabi ta sayar wa Hajiya Barakatu da tangaran ɗinta ne a asirce don jinyarsa, ta sakaya kabad ɗin da labule. Kafin magariba an ce tela ya cinye kayan ɗakin matarsa, magana ta kai har kunnen surukai.

Rabi ta shigo gidan ba ta zauna ba, ta ce: “Maman Abbas, amana na ba ki, kika kai ni bakin titi.”

Hajiya Barakatu ba ta kawo uzuri ba. Washegari ta ɗauki taɓarya ta nufi Mokola, Iya Ronke tana roƙo tana cewa, “Maman Abbas, ejo, don Allah kada ki fasa, an riga an taya!” amma ta ragargaza hasumiyar, ta tattara ɓaraguzan a zani ta dawo da su. Hakan bai mayar da maganar da ta riga ta fita ba. Mata suka janye kayansu daga hannunta kusan shekara biyu, Rabi kuma ta daina amsa mata gaisuwa.

Daga wannan ne ta fito da tsarin da aka san ta da shi. Kankare alama ba ya wadatarwa, domin gindin tangaran ba shi da santsi, yana shan launi, inuwar jan farcen ba ta fita. Don haka ta koma manne gindi da gindi, yadda ko mai bin ƙwaƙƙwafi sai ya fasa zai gani. Ba ta haɗa abu biyu daga ɗaki ɗaya a hasumiya ɗaya, wanda zanensa ya yi fice a unguwa kuwa sai dai a kai shi can nesa, Akinyele ko Legas.

Shekarun ɗaukaka

Sannu a hankali yarda ta dawo, aikinta ya shiga lambunan otal-otal da gidajen manya. Ta sauke farali a 2012. Bayan rasuwar mijinta a 2016 ta koyar da matan aure da dama wannan sana'a a tsakar gidanta, 'yar autarta Ni'imatullahi tana tallata kayan ta waya. Duk da haka kowace Sallah sai ta aika wa Rabi da tuwo, kowace Sallah kuma sai a dawo da shi ba a buɗe ba. Wannan abu ya ci mata rai ƙwarai, ba ta kuwa daina aikawa ba.

Jinya da rasuwa

A farkon 2023 ciwo ya kwantar da ita. Da ta ga jiki ya ƙi, ta aiki Ni'imatullahi gidan Rabi neman gafara, yarinyar ta dawo tana cewa, “Mama, abeg ki kwantar da hankalinki, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.” Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga Rabi da faranti ɗaya naɗe a mayafi.

Ta ce: “Wannan kaɗai na ɓoye. Da 'yan'uwansa na yi jinyar mijina, ga shi har yau yana kan keke yana ɗinki. Ban yi abin kunya ba, na daɗe ban gane ba. Ki sa shi a saman hasumiyar tsakar gidanki, ki juya gindinsa waje.”

Hajiya Barakatu ta ce: “Rabi, kin yafe mini?”

Ta ce: “Tuntuni. Ƙafar zuwa ce ta yi mini nauyi.”

Da hannunta Hajiya Barakatu ta shafa gam ɗin, 'yarta na tallafe da ita, Rabi na riƙe da farantin har ya kama. Shi ne aikinta na ƙarshe.

Allah ya yi mata rasuwa a watan Agusta na 2023, tana da shekara sittin da shida. Rabi ce ta yi mata wanka. Aka sallace ta a ƙofar gida bayan azahar, aka kai ta makwancinta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya biyar: Sharfuddeen, Abbas, Aishatu Humaira, Radiyya da Ni'imatullahi, da jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar hasumiya ɗaya a tsakar gida da wasiyyar kada a sayar, mai ɗigo biyu da layi ɗaya suna kallon ƙofa, kuma a gindinta Rabi ta shimfiɗa tabarma tana karɓar gaisuwa tare da iyalan mamaciya. Allah ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa mata a nan.