Baba Istifanus, Mai Facin Hanyar Ƙwanni

Kafin rana ta yi zafi, Baba Istifanus Dabo ya share gindin dalbejiyar da yake faci, ya cika bahon gwada taya da ruwa, ya sunkuyar da kai ya yi addu'a. Direbobin Illela suna ce masa Baba Sannu, ba don yabo ba. Tayar da wani zai liƙe a tsaitsaye, shi sai ya juya ta, ya shafa, ya tambayi lafiyar iyalinka. Ranar Lahadi, lokacin da hanya ta fi cika, rumfarsa a rufe take, yana coci.

Mukhtari, direba mai kai albasa Ƙwanni, ƙetaren iyaka, ya fi kowa yi masa tsiya. A gaban jama'a ya taɓa ce masa ya koma garinsu Zuru ya yi barcinsa.

Wata Lahadi Mukhtari ya fito da lodi, yana sauri kafin layin motoci a iyaka ya yi tsawo. Ya hangi wani tsoho zaune a gefen kwalta, ya danna masa hon ya wuce, kamar sauran motoci. Da ya dawo bayan la'asar, ya tarar da gida a hargitse. Mahaifinsa Malam Uzairu, wanda tsufa ya taɓa wa tunani, ya fita tun da hantsi bai dawo ba.

A gindin dalbejiya ya same shi. Baba Istifanus ne ya tsince shi a kan hanyarsa ta dawowa daga coci. Tsohon ya kasa faɗin gidansu, shi kuwa bai matsa masa ba. Ya aika cigiya tasha, ya sayo masa fura, ya cire masa ƙaya a ƙafa. Da aka kira azahar ya kawo masa buta, ya shimfiɗa masa tabarma, ya roƙi mai shayi ya daidaita masa alƙibla.

Mukhtari ya gane rigar tsohon da ya wuce da safe ce a jikin mahaifinsa. Ya ce wa Baba Istifanus, "Baba, ni na wuce shi. Hon na yi mai."

Baba Istifanus ya ce, "To mi za a yi yanzu? Zamna. Bai ƙare ba ni labarin kamun kifi a tafkin Kalmalo ba."

Mukhtari ya zauna a kan taya, ya kasa ɗaga kai. Har yau in yana ba da labarin, ƙasa yake kallo.

Baba Istifanus, kai ne ka tsaya inda gari ya wuce. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, bin Almasihu da kake yi a hannunka aka gan shi. Mun gode, kuma da kunya muke faɗa.

Yanzu idanun Baba Istifanus sun yi rauni, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ku je ku gaishe shi. In kun je, ku kashe mota ku zauna.