Yaya Nafi'u da Littafi na Uku

Ku da kuka san Yaya Nafi'u kun san ba ya karɓar littafi kamar sauran mutane. In ka miƙa masa, sai ya rufe ido gam, ya juya littafin ta baya, ya sa babban yatsa ya laluba shafin ƙarshe don ya tabbatar ba a yage shi an ƙunshe ƙosai ba. Ba zai kalla ba fa! A wurinsa leƙa ƙarshe kafin lokaci sata ce. In ya ji takardar tana nan sai ya buɗe ido ya ce, "To, bari mu ga ƙarshe." Ni ce Hajara ƙanwarsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu na Gwarzo na zauna da shi da matarsa Yaya Mairo, don haka babu wanda ya sha wannan magana kamata. Ko tuwo ka tuƙa masa ka ce ya ya ji miyar, ba za ka samu amsa ba sai ya suɗe kwano.

Sana'arsa sharhin littattafan hikaya ce, yana rubuta wa wata jaridar mako-mako a Kano. Ba ma'aikacinsu ba ne, in sun buga su ɗan ba shi na cefane, in ba su buga ba mu sha kunu mu kwanta. Ƙa'ida ita ce sharhi ya shiga motar Ɗan'azumi direba ranar Talata da safe. To, Yaya yana da wata sana'ar da ba ta kawo ko sisi, wato kiwon tattabaru. Tukwane ya kafa musu reras a bangon bayan ɗakinsa. Duk Talata Ɗan'azumi zai tsaya a ƙofar gida yana danna ham, Yaya kuwa yana kan tsani, littafi a hannu ɗaya, ɗayan hannun cikin tukunya yana duba ƙwai.

"Malam Nafi'u, fasinja suna zagina!"

"Ka ba su haƙuri, saura babi ɗaya."

"Babin rubutu?"

"Na karatu mana! Ta yaya zan rubuta abin da ban gama ba?"

Lokacin ana fama da tsuke bakin aljihu, takarda ta yi tsadar da ba a magana. Yaya bai taɓa sayen ta ba. Bayan zaɓe sai ya bi bango yana ɓamɓaro fastocin 'yan takara, amma na waɗanda suka faɗi kawai, ya yanka su daidai ya riƙa rubutu a bayansu. Ya ce mutum in gabansa bai amfani jama'a ba, ai bayansa ya amfane su. Kuma ba ya jin tsoron kowa a rubutu. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne marubuci ya ja mutane har ƙarshe sannan ya ce ashe mafarki ne. Ya ce irin wannan marubucin da mai cin amanar maraya layinsu ɗaya ranar gobe.

Kun tuna Sarauniya? Farar tattabarar nan mai baƙin wuya. Da yake wayar salula ba ta iso mana ba a lokacin, kullum Yaya yana cikin zullumin ko sharhi ya kai. Sai dabara ta faɗo masa. Ya sa Sarauniya a kwando ya ba Ɗan'azumi, ya ce a kai wa Editan jaridar, in ya karɓi saƙo ya sake ta kawai, ita ta san hanyar gida. Muka wuni muna kallon sama har wuya ya ƙage. Shiru. Da Ɗan'azumi ya dawo sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ina Sarauniya?"

"Malam, Edita ba ya nan, masinja na ba."

"To, ya sake ta?"

"Ya ce a gode maka. Wai rabon gidansa da nama tun Babbar Salla."

Yaya ya zauna a ƙasa daɓas. Yaya Mairo ta ce ya yafe, yunwa ce. Ya ce bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, akwai ranar hisabi, bari mu ga ƙarshe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, unguwarmu ta kafa ɗan kwamitin gyaran tarbiyya, aka ba wani Malam Ila shugabanci. Rannan suka yi mana sallama ɗauke da buhu guda na littattafai da suka karɓe a hannun 'yan mata. Suna so Yaya, a matsayinsa na masani, ya sa musu hannu cewa duk na ɓata tarbiyya ne, a cinna musu wuta. Ina jin su daga tsakar gida.

"Ku bar mini su in karanta," in ji Yaya.

"Duk buhun? Haba Malam Nafi'u! Ai shafin farko ya isa mutum ya gane inda aka dosa."

"Malam Ila, in da shafin farko ake yanke hukunci, ni fa na san shafinka na farko. Ina wurin ranar da ka yi rawar kalangu a bikin mahauta har hularka ta faɗa kwata."

Suka ajiye buhun suka fice. Buhun nan a gidanmu ya ƙare, kuma sai da ya karanta su tas. Ya ce yawancinsu ba su isa su ɓata tarbiyyar kowa ba, sai dai su ɓata masa Hausa.

Ana haka Yaya Mairo ta kwanta ciwo. Ita takan zolaye shi ta ce, "Malam, shekara da shekaru muna tare, ya ka ga zaman namu?" Shi kuma ya ce, "Bari mu ga ƙarshe," ta jefe shi da mafici. Ranar da aka dawo daga kai ta makwancinta, ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, takalmansa duk jar ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Can na ji ya ce, "Ya yi kyau, Mairo. Tun daga farko har ƙarshe." A iya sanina shi ne sharhi ɗaya tak da ya taɓa yi bai ce "sai dai" ba. Ni dai na shige madafa na yi kukana.

Bayan rasuwarta ne Edita ya aiko masa da Rijiyar Kakanmu, littafi na ɗaya da na biyu, na wata Malama Saude daga Dugabau ta ƙasar Kabo. Labarin wa da ƙani ne masu rigima a kan rijiyar gado. Littafi na biyu ya tsaya daidai inda ƙanin ya shiga rijiyar yana yasa, ƙasa ta fara zubowa, wan kuma yana sama riƙe da igiya. Zai ja ko zai saki? Sai aka rubuta a ƙasa, mu haɗu a littafi na uku. Yaya ya aika Kano a sayo na uku. Aka ce babu, ba a taɓa buga shi ba.

Nan fa ake yin ta. Yaya ba ya sharhin abin da bai gama ba, kuma ba ya buɗe sabon littafi alhali akwai wani a hannunsa. Talata ta zo, babu sharhi. Don kada filinsa ya zauna fayau sai ya aika da bayani kan yadda ake gane tattabara mai shirin ƙwai. Edita ya buga. Mako na gaba ya aika da maganin ƙwarƙwatar tsuntsaye. Edita ya aiko Ɗan'azumi da baki: ko dai Malam ya yi sharhin littattafai biyun nan yadda suke, ko a ba wani filin, don akwai masu so. Filin nan kuwa shi ne abincinmu, shi ne kuma sunan Yaya a duniya.

Na ce, "Yaya, don Allah ka rubuta ko layi goma ne. Ka ce ya yi daɗi zuwa inda aka tsaya."

Ya ce, "Hajara, mutum yana cikin rijiya kike cewa in ce ya yi daɗi?"

Washegari ya ce in ɗauko mayafi, Dugabau za mu. Daga Kabo shi ya hau acaɓa, ni kuwa lokacin ana hararar mace a kan acaɓa, sai na bi amalanken shanu, na isa ƙugu kamar ba nawa ba. Ya tsaya a zaure, na shiga ciki. Na tarar da Malama Saude tana matsar ƙuli-ƙuli, hannu duk mai. Da na faɗa mata abin da ya kawo mu sai ta yi dariya, dariyar kuma ta koma hawaye. Ta ce, "Wai har akwai mai jira?" Ta ce takarda ta gagare ta, mai buga mata ya janye, ga surutun mutane cewa matar aure ba ta da aiki sai ƙirƙirar ƙarya, shi ya sa ta haƙura. Amma tunda bawan Allah ya taso takanas, bari ta matso bakin zaure ta faɗa masa yadda aka ƙare.

Na fito da murna na gaya wa Yaya. Wallahi sai ya toshe kunnuwansa da yatsu, babban mutum da furfura!

"Ki ce mata kada ta soma! Ni mai sharhin littafi ne, ba na sharhin hira. Ta rubuta."

Daga bayan labule ta ce, "Malam, da wace takardar?"

Ya zaro damin fastoci daga jaka ya miƙo mini. Ashe da shirinsa ya zo.

"To, bugawa fa?"

Ya ce, "Wannan nawa ne."

Ban gane nufinsa ba sai ranar kasuwa, da na ga ya kafa tsani yana kwashe tattabarun nan yana zubawa a kwanduna. Wani mai kiwo daga Kutama ya saye su duka. Abin dariya abin kuka, kwana biyu sai ga su sun dawo, kowace ta shige tukunyarta. Yaya ya kwashe ya mayar. Suka sake dawowa, ya sake mayarwa, yana tafe yana yi musu faɗa wai ba su san ciniki ya faɗa ba. Daga ƙarshe mutumin ya fige musu fukafukai, bangon bayan ɗaki ya yi shiru. Abin da aka samu Yaya ya damƙa wa Ɗan'azumi ya kai maɗaba'a.

Fili kuwa ya tafi. Aka ba wani wanda Yaya ya ce daga hoton bango yake sharhi. Amma duk Talata sai Ɗan'azumi ya tsaya ya danna ham, wai hannunsa ne ya saba. Yaya yakan ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Saura babi ɗaya!" su yi dariya, motar ta wuce. Ni ban taɓa jin dariyar da ke ƙona mini rai irin wannan ba.

Malama Saude tana rubutu tsakanin ƙuli-ƙuli da raino, maɗaba'a kuma yau babu wuta gobe babu tawada. Damina ta wuce, wata ta zo. Yaya ya rame, ƙafafu suka kumbura, ya daina fita ko masallaci. Ba littafin da ya buɗe tun daga lokacin, na ɗaya da na biyun nan dai suna gefen matashinsa. Wata la'asar ina ba shi kunu sai ya riƙe mini hannu.

"Hajara, a ganinki ya ja igiyar?"

"Zai ja mana, Yaya. Ai ɗan'uwansa ne."

"Kada ki yi saurin hukunci," ya ce. "Bari mu ga ƙarshe."

Bai kai Juma'a ba.

Muna cikin zaman makoki, ranar Talata, na ji ham a ƙofar gida. Na fita a fusace zan ce wa Ɗan'azumi ya ji tsoron Allah. Sai na gan shi tsaye jikin mota, idanu jajur, yana miƙo mini littafi sabo fil, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba. Ban san lokacin da na rufe ido na juya shi na laluba shafin ƙarshe ba. Yana nan.

Na zauna a gindin tsanin Yaya na karanta. Jama'a, ya ja igiyar! Ya ja har tafin hannunsa ya tsage, ya fito da ƙaninsa, suka rungume juna. Na ce alhamdu lillahi. Sai na juya shafin ƙarshe, wanda na laluba ɗin nan. Wai sai ƙanin ya farka a kan tabarmarsa, ashe duk mafarki ne.

Mafarki! Tattabarunka, Yaya! Filinka na jarida! Ƙuguna a amalanke! Na yi dariya har matan da suka zo gaisuwa suka leƙo suna salati, sun ɗauka na zautu. Da yana raye da sai ya cinye fastocin sanata guda a kan shafin nan, da Dugabau ta ji a jikinta, kuma na rantse da ya fi kowa jin daɗi a ranar. Wannan tunanin ne ya juya mini dariyar, na kifa kai a kan tsani na yi ta kuka.

Da na nutsu sai na ɗaga kai wajen tukwanen nan da babu komai a ciki, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "Yaya, ya ja igiyar." Shafin ƙarshen kuwa ban faɗa masa ba, kuma ku ma ban yarda wani ya kai masa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Nafi'u, ya haɗa shi da Mairo. Ya Allah, bawanka bai taɓa yanke wa kowa hukunci da shafin farko ba, kai ma ka duba masa na ƙarshe, ka sa ya tarar da shi da kyau. Mu kuma da muke tsakiyar namu, Allah ka riƙe mana igiya.