Faifai Mai Doki

Bari in fara da faɗin matsayin ilimina, kada wani ɗan boko ya zo yana yi mini gyara. Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma sau biyu na zauna shi, saboda malamai ba sa son rabuwa da ni. Turancin da na fito da shi bai wuce na gaisuwa da neman izinin fitsari ba. Duk da haka, a zamanina, daga Fagge har Sabon Gari ba a samu Bahaushen da ya kai ni sanin kiɗan Turawa ba, irin mai jita da ganguna ɗin nan da mawaƙi ke ihu kamar an taka masa ɗan yatsa.

Tela ne ni. Shagona a Sabon Gari yana manne da na wani Kirista mutumin kudancin Zariya, mai sayar da faifan garmaho. Falankin katako ne kawai tsakaninmu. Duk faifan da ya shigo sai ya gwada, ni kuma ƙafata na kan keke. Wata rana na lura ƙafar ta daina jin maganata, ganga take bi.

Faifai uku na saya a wurinsa. Sunayensu ban taɓa karantawa ba, rubutun a murɗe yake kamar tafiyar tana. Da hoton kwali nake gane su. Akwai mai kujera, mace ce ke rerawa a sanyaye, da shi nake aikin wuyan riga. Akwai mai laima, na ɗinkin wando, don ba ya tsayawa shan iska. Sai mai doki, farin doki tsaye cikin ruwa. Shi wannan jita ɗaya ce ke farawa a hankali, kamar mai sallama a gidan da ba a san shi ba, can sai ganguna su faɗo gaba ɗaya. Ban san me suke cewa ba. Watakila zagina suke yi. Na yafe.

Da na sauke farali na dawo da haƙorin Makka, sai aka fara kirana sulhu da ɗaurin aure, ana matsa mini wuri a sahun gaba. Mutumin da ake ba waliccin 'ya'yan mutane ba a jin ihun Turawa daga shagonsa. Na kwashe faifan na kai wa maƙwabcin nawa ajiya. Ya ce, "Alhaji, har da dokin?" Na ce har da shi, na kwana biyu ne. Daga baya ya tattara har da faifan ya koma garinsu, bayan wasu shekaru aka ce ya mutu.

Yanzu shekara uku ke nan ina saman bene a gidan babban ɗana a Fagge. Gwiwoyi sun yi yaji, sun ƙi biko. Tagata ba ta nuna komai sai kwanon shagon atamfa da kawunan adaidaita. Masu dubiya kuwa, Allah ya saka musu, kowa da tsarabar wa'azi a mimori. Ba na raina wa'azi. Amma duk na kwanciyar kabari suke zaɓo mini, kamar sun yi taro a ƙasa kafin su hawo.

Mai doki bai rage ko'ina ba sai cikin kaina, can ɗin ma na lura yana zaizayewa. Tsakiyarsa ta riga ta tafi. Farkon kawai nake riƙe da shi, kullum da hantsi sai na bi shi a maƙogwaro don kada ya bi sauran. Ɗana ustazu ne, shi ba a kai masa irin wannan ƙara. Da rana kuma ba kowa a gidan sai matarsa, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, mai durƙusawa har ƙasa in za ta gaishe ni. Suruka dai suruka ce. A gabanta ko loma ba na kaiwa baki.

Ran nan ta ajiye kunu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, kullum da hantsi ina jin kuna wani gurnani. Ciki ne? In kira likita?"

Na ce, "Zikiri ne."

"Baba, zikiri har da ganga?"

Na yi gyaran murya irin na manya. Ta ce ai wayarta tana gane waƙa, ko ba ka san suna ba, ka rera mata kawai ta nemo. Na ce Allah ya kiyaye in yi waƙa gaban matar ɗana. Ta ce to, ta juya za ta tafi. Na ce ai ban sallame ta ba.

Ga yadda muka yi. Ta tsaya a waje, ta juya fuska ga bango, ta miƙo hannu da wayar ta cikin labule. Ni kuma na gyara hula, na rufe ido, na rera. Jita da hanci, ganga da tafin hannu a cinya. Labulen na ta rawa, kuma ba iska a ranar.

Wayar ta yi tunani, ta kawo waƙar coci. Muka sake, ta kawo ta Indiya. A na uku ta kawo ta wasu samari na wannan zamanin, ita ma jita da ganguna.

"Shi ne, Baba?"

"Ba shi ba ne. Ko ƙafarsa ba su kama ba. Amma bar shi in ji iyakar rashin kunyarsu."

Ta bar mini wayar. Kwana huɗu ina jin iyakar rashin kunyarsu, da abin kunne a ƙarƙashin hula. Gaskiya yaran sun iya. Akwai wurin da mai gangar ke tsayawa cak, sai ka zaci ya mutu, sai ya dawo.

Rana ta biyar da hantsi na buɗe maƙogwaro zan bi mai doki, sai waƙar yaran ta fito. Na sake, ita ce. Na tofa, na kurkure baki, na sake. Na nemi sallamar nan ta jita sama da ƙasa, babu. Abin da na riƙe shekara arba'in ba garmaho, baƙi sun kore shi a kwana huɗu. Kunun ranar haka ya huce.

Da ta zo ɗaukar kwano ta gan shi a cike. Na ce ta cire mini yaran nan daga waya, sun cinye mini doki. Ta durƙusa, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, na yi laifi. Ranar da kuka rera, na naɗi muryarku da ɗaya wayar tawa. Don in riƙa dariya ne."

Ta kunna. Wani tsoho ne ke kuka ta hanci, da tari a tsakiya, da hon ɗin adaidaita a bayansa. Ko akuya ba za ta tsaya saurare ba. Amma jitar na nan, tana sallama.

"In goge, Baba?"

"Ki goge ki ga ikon Allah. Juya bango. Sake kunnawa."