Sunan Eustorgio a Kan Ɗanyen Siminti

Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 2023, da hantsi, 'yarka Yaneris ta kira ni ta ce, "Madrina, Baba ya tafi." Ka rasu a gidanka na Bocachica, ƙauyen masunta da ke tsibiri kusa da Cartagena, kana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar zuciya ta wata biyu. Ni ce Ludivina, comadre ɗinka, wadda ta riƙe 'yar nan taka a coci ranar baftisma, shi ya sa take ce mini Madrina. Da hawaye na zauna rubuta wannan, Eustorgio, amma ba zan ɓoye maka ba, fushina ya fi hawayen yawa.

Washegari wata jarida ta babban birni ta ba ka layi uku. Ta ce Tuerca na shirin Mojarra ya mutu, ta kira ka ɗaya daga cikin 'yan cike gurbi. Hoton da suka buga na kyaftin ne, kai kana bayansa, rabin kafaɗarka kawai ake gani. Na karanta sau uku ina neman sunanka, babu shi. Ko da ka mutu ba su fasa halinsu ba.

Yaran yanzu ba su san Mojarra ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa ne da ya riƙa fitowa a talabijin duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma, daga 1983 zuwa 1986, yana fafatawa da 'yan fashin teku da dodannin ruwa. A gaskiya falanki ne da fenti, a cikin wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Cartagena, kuma kai ka haɗa shi. Makaniki aka ɗauke ka, bayan shekara goma sha ɗaya a ɗakin inji na sojan ruwa. Ranar farko ta ɗaukar hoto, ɗan wasan da aka kawo daga Bogotá, babban birni, ya kama sitiyarin ƙofar jirgin ya murza hagu, wai yana rufewa. Dariya ta kuɓuce maka daga bayan kyamara. Darakta ya fusata ya ce in ka iya ka zo ka yi. Ka goge hannu da tsumma ka zo ka yi, daga ranar ka zama Tuerca, wato noti, mutumin da ke riƙe da jirgin.

Ba mai manta yadda kake rufe ƙofar nan. Ka murza dama har ta cije, ka buga ƙarfen da tafin hannu sau biyu, ka kara kunne, sannan ka ce, "An rufe, kyaftin." Babu wannan a takarda, daga sojan ruwa ka zo da shi. Kafin shekara ta zagayo, yara a duk ƙasar nan haka suke rufe ƙofar aji, mahaifiyata ma haka take rufe tukunyar shinkafa da kwakwa.

In dodo ya bangaji jirgi, kyamara ce ake karkatawa, 'yan wasa su zube gefe guda. Da farko wasu su faɗi hagu wasu dama, kamar kajin da aka watsa wa ruwa. Kai ka riƙa ƙirga musu ƙasa-ƙasa, ɗaya, biyu, hagu, har suka iya. Kyaftin ɗinmu jarumin teku kuwa, ranar da ka gayyace mu cin kifi a Bocachica, tun kafin kwale-kwale ya bar gaɓa ya fara amai. Kai ka riƙe masa kai har muka isa, ba ka kuma taɓa ba kowa labarin ba. Ni ce na baza shi, kuma ban yi nadama ba. Ranar da tankin ruwa ya fashe a sito, wayoyin lantarki na kwance a ƙasa, kowa ya yi ta kansa, kai ka ruga ka kashe wuta. Mutum goma sha huɗu ne a ciki, har da ni.

Aikina shi ne buga takardun wasa da keken rubutu, da jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri. Duk mako sai na sa sunanka a ƙasa, duk mako sai furodusa, Dakta Lizarazo, ya ja masa jan biro. Yakan kira ni Seño, wato malama, ya ce, "Seño Ludivina, sunayen 'yan wasa nake so, ba na masu gyara ba." Mun san ba gyara ba ce matsalar. Kai kaɗai ne baƙar fata a cikin jirgin. Ni kuwa sai in koma in sake bugawa ba sunanka, domin ina da yara biyu, babu miji. Kashi ɗari da talatin da ɗaya na yi haka. Ka yafe mini tun tuni, ni ce ban yafe wa kaina ba.

A shekara ta uku ka je da kanka ka ce a sa sunan. Amsar ta zo bayan mako biyu a cikin sabuwar takardar wasa, kuma ni aka ba in buga ta. Wai Tuerca zai manta bai rufe ƙofa ba, ruwa ya shigo ya ci shi da mutum biyu, kyaftin ya ceci sauran. Ka karanta a tsaye a gaban kowa, ka ninke takardar, ka juya ga furodusa.

"Dakta, jirginku ne. In kashe ni za ku yi, ku kashe. Amma Tuerca ba zai bar ƙofa a buɗe ba."

"Haba Eustorgio, wasa ne fa. Falanki ne."

"Ni na yanka shi, na san falanki ne. Yaran da ke kallo ba su sani ba. Mutum ɗaya mai irin fatarmu suke gani a akwatin nan, shi za ku ce ya kashe mutane da sakaci? Ku nemi wani jakin, Dakta."

Ka ɗauki sifanarka ka tafi gida. Kwana uku ba a ɗauki hoto ba, domin ba wanda ya san kan famfunan ruwan sai kai. A na huɗu suka aiko, suka sauya labarin. Ruwa ya ɓalle a ɗakin inji, Tuerca ya tura abokansa waje, ya tsaya ta ɓangaren ruwan ya rufe ƙofa a kan kansa. Daga bayan ƙarfe aka ji bugu biyu. A layinmu ranar ba gidan da ba a yi kuka ba. Kashi tara kacal shirin ya ƙara ya mutu, sunanka kuma ko a wannan Asabar ɗin bai fito ba.

Ka koma Bocachica gyaran injin kwale-kwale, shekara talatin da bakwai. Masuntan da ba su da hali ka gyara musu, ka ce su kawo kifi in sun samu. Duk lokacin da na tayar da maganar sai ka ce, "Comadre, bar su. Zo ki ci kifi kafin ya huce." Kifin na ci, maganar kuwa ban bar ta ba.

Ranar Alhamis masunta suka ɗauke ka a kafaɗa daga coci zuwa maƙabarta, rana na dukan kai. Aka tura akwatinka cikin ramin bangon da ake jera kaburbura hawa-hawa, layi na uku. Birkila, Maestro Nicanor, ya jera bulo ya shafe da siminti, ya zaro ƙusa daga aljihu don ya rubuta suna tun da ɗanye, kamar yadda ake yi kafin iyali su sa dutse. Sai na ga ya rubuta T, ya rubuta U, farkon Tuerca. Ba mugunta ba ce, da shirin ya girma, hawaye ma yake yi.

Na ce, "Maestro, tsaya."

"Seño, ai haka kowa ya san shi."

Na dubi matarka Emérita. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Nicanor, goge. Shekara arba'in comadre ke neman inda za ta rubuta sunan nan. Ba ta ƙusar."

Ya shafe haruffan, ya miƙo mini ƙusar yana cewa in yi sauri, rana na shan simintin. Yatsun nan da suka buga takarda dubu yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwasa su. Haruffan suka fito a karkace, wuri ya kusa ƙarewa, na ƙarshen sai da suka gangara ƙasa. Amma na rubuta shi duka, ba wanda ya zo da jan biro. Da na ja baya, Emérita ta matso ta buga simintin da tafin hannu sau biyu, ta kara kunne, ta ce, "An rufe, kyaftin." Tsofaffin masunta masu furfura suka fashe da kuka kamar yara. Shatin hannunta na nan ƙarƙashin sunan, ya bushe tare da shi.

Ban nemi gyara daga jaridar ba, ba kuma zan nema ba. Mai son sanin wanda ya riƙe Mojarra ya hau kwale-kwale ya je Bocachica ya ɗaga kai ya karanta.

Allah ya jiƙanka, compadre, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa cikin haskensa. Budurwa Maryamu ta Carmen, uwar masu tafiya a teku, ta yi maka roƙo. Ina miƙa ta'aziyyata ga comadre Emérita, da Yaneris da 'yan'uwanta, da jikoki, da masuntan Bocachica. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa jikokinka su girma suna faɗar sunan kakansu da ƙarfi: Eustorgio Berrío Julio.