Moton Mamman yana kwance a rumfarka, Chindo

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kuma a wannan karon kai ne ka riga mu. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, bayan la'asar, ɗana Rashidu ya shigo gida bai yi sallama ba. Ya ce motar da ta ɗauko ku daga Maradi ta fasa taya kafin Gidan Rumji, ta kife, mutum huɗu sun rasu, kana cikinsu. Ina tankaɗe a lokacin. Na ci gaba da tankaɗen har garin ya ƙare, don hannuna ya ƙi tsayawa.

Ni ce Raliya, taubashiyarka, matar marigayi Mamman. Sai da na haura arba'in na shiga karatun manya, rubutuna bai da kyau, a yi mini haƙuri. Na rubuta ne don a karanta wa matarka Inno da ƴaƴanka, domin akwai abin da bakina ya kasa faɗi a zaman makoki.

Duk ƙasar Gidan Sori an san ka da gyaran moto, wato babur. Ni kuwa moto ɗaya na sani, jan nan na Mamman, moton da ya girmi Rashidu da shekaru. Shi kaɗai Mamman ya bar mana mai ƙafa. Ɗiyata Fadila tana da amosanin jini. Idan ciwon ya tashi ƙasusuwanta ne ke ci, ba ta iya tsayuwa, sai an kai ta likita Gidan Rumji a sa mata ruwa. Da moto, Rashidu yana tuƙi ina riƙe da ita a tsakiya, ba mu cika awa ɗaya ba. Da amalanken shanu kuwa rabin yini ne.

Bana da bazara moton ya fara mutuwa a hanya. Kullum wuri guda yake mutuwa, gindin tsamiyar nan ta bakin fadama. Rashidu ya yi ta dukan ƙafar tayarwa har gumi ya jiƙa shi, shiru. Sai mun zauna mun gaji, sannan ya tashi kamar ba abin da ya faru. Sau uku ana haka, gari ya gama yanke hukunci: mutanen tsamiya ne ba su son jan abu ya gitta su. Gwaggo da ta goya ka ta sa na yi sadakar waina. Aka ɗaura laya a ƙahon moton. Wani ya ce a shafe jan fentin da baƙi, Rashidu har ya sayo. Ni ma na yarda, ba zan ɓoye ba. Masu gyara biyu a Gidan Rumji sun duba, ɗaya ya canza buji, wato fulogi, ɗaya ya wanke ma'ajin mai, kowa ya ce lafiya lau yake, tunda a gabansu bugu ɗaya yake tashi.

Da muka kawo maka, ba ka taɓa shi ba sai da ka gama tambaya. Da safe yake mutuwa ko da rana? Yana shaƙewa ne a hankali, ko ɗif yake yi? In ya huta tsawon me yake tashi? Na ba ka labarin tsamiya, ka saurara har ƙarshe ba ka yi dariya ba. Sannan ka ce Rashidu ya hau, ka hau bayansa, kuka bi hanyar gabas, wadda ba ta da tsamiya ko ɗaya. Rashidu ya ce kun yi tafiya daidai nisan gidanmu da fadama, moton ya mutu a tsakiyar fili, ko inuwar geza babu. Nan take ka diro, ka kwance buji tun yana ƙona hannu, ka manna shi jikin inji, ka kare shi da hularka don rana, ka ce ya buga. Babu tartsatsi. Kuka zauna ya huce, ka sake gwadawa, sai ga tartsatsi shuɗi yana ƙara.

Da kuka dawo ka tsokane ni da biron da nake zuwa aji da shi, ka ce mini: «Malama mai bik, aljaninku ya biyo mu gabas. Ashe ba a tsamiya yake ba, cikin inji yake zaune.»

Ka yi mini bayani kamar yadda ake yi mana a aji. Akwai wani dunƙulen siririyar wayar tagulla a cikin inji, bobin, shi ke haifar da tartsatsin da ke kunna mai. Ya tsufa. Da sanyi yana aiki, in ya ɗau zafi sai ya yanke, kuma tafiyar gidanmu zuwa tsamiya ita ce daidai lokacin da yake ɗaukar zafin. Masu gyaran can ba su yi ƙarya ba, da sanyi suka gwada shi. Layar kuwa ka ce a bar ta inda take, ba ta tare wa kowa hanya ba.

Irin wannan bobin an daina kawo shi, na kasuwa ba ya shiga. Ka ce za ka warware tsohon ka naɗa sabuwar waya da hannunka, amma sai ka je Maradi wurin masu gyaran fanka ka zaɓo mai kaurin da ya dace. Ka ce in bari ka gama maimai a gonarka. Kafin nan, mu riƙa tsayawa tun ba mu kai fadama ba, mu bar shi ya huce tsawon dafa shayi, sannan mu wuce.

Mun yi haka sau ɗaya da Fadila. Tsawon dafa shayi ba komai ba ne ga mai lafiya. Ni ina zaune a ƙasa da yarinya a cinyata tana cizon zanena, tana cewa Inna ƙafata, Rashidu yana tsaye yana taɓa inji da bayan hannu. Tun daga ranar na hana ka sakat. Na je rumfarka, na aika, na bi ka har gona. Ka jingina da hauya ka ce tun muna yara haka nake, in na so abu ko kaza ba ta sha ruwa a gidan. Ban yi dariya ba. Na ce maka in wani abu ya sami yarinyar nan a hanya, gero ba zai yi maka daɗin ci ba. Na faɗi wannan, Chindo. Ka dube ni ka ce, to, Laraba.

Ranar Talata ka buɗe injin, ka ciro bobin, ka zauna kana warware wayar kana ƙirga zagaye, don sabuwar sai ta yi daidai da tsohuwar. Ina zaune gefe ina ta magana a kan Fadila. Sau biyu ka ɗaga hannu ka ce kada in ɓatar maka da ƙirga. Da ka gama ka faɗi adadin a hankali, ka maimaita, ka ce ya zauna a kai. Kai ba ka rubutu. Ni da nake rubutu, kaye, wato littafin rubutuna, da bik suna cikin jakata, ban ciro su ba. Ɗari huɗu da wani abu na ji, ko ɗari bakwai ne, ban sani ba. Na yi ta juya shi a raina har na daina yarda da kunnena.

Ranar sadakar uku Inno ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini ƙullin leda. Wayar tagullar ce, sabuwa, a aljihun rigarka aka same ta. Na fara gaya mata abin da na faɗa maka a gona, ta tare ni. Ta ce: «Ya gaya mini. Dariya ya yi, ya ce uwa ce. Karɓi kayanki, Raliya, kwanansa ne ya ƙare.» Na san gaskiya ta faɗa, rai ba ya wuce ranarsa. Amma ni na zaɓa maka ranar tafiya, kuma ban sami damar cewa ka yafe mini ba. Ina faɗa yanzu a gaban iyalinka.

Rashidu ya kai wayar da ƙarfen bobin wurin masu gyara uku. Duk tambaya guda suke yi, zagaye nawa. Na ƙarshen ya ce a sayar da moton a kilo. Yana nan a rumfarka da cikinsa a buɗe, an rufa masa buhu saboda ruwa. Damina ce, lokacin da ciwon Fadila ya fi tashi. Na roƙi maƙwabcinmu Jaye ya riƙa barin shanunsa na amalanke kusa da gida, ya ce to. Kowace safiya ina duba idon yarinyar in ga ko ya yi rawaya.

Allah ya jiƙanka, Chindo, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya karɓi tafiyar nan da ka yi don marainiya a cikin ayyukanka na alheri. Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasu tare. Ina yi wa Inno ta'aziyya, da Abdulrahaman da Bilyaminu da Safina, da Gwaggo da ta ga rasuwar ɗan da ta goya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Gonar da ya bari ba a gama maimai ba, Rashidu zai shiga gobe da hauya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.