Bangon da Dogo Bai Gama Ba

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida da rabi ɗana Dogo ya shigo gaishe mu, ya wuce kicin ya buɗe tukunya.

Uwarsa ta ce, "Kai matarka ba ta girki ne?"

"Tana yi, Umma. Wannan na hanya ne."

Ƙarfe bakwai ya tambaye ni ko farar ƙasar da ya jiƙa kwana goma ta isa kwaɓi. Shekara talatin na yi ina koyar da ilimin sinadarai, shi ya sa yake kawo mini irin wannan tambayar. Na ce ya ƙara mata kwana huɗu. Ƙarfe takwas yana bakin aiki. Ƙarfe ɗaya ya kira matarsa ya tambayi jikin 'yarsu mai mura. Ƙarfe huɗu ya lulluɓe bango da jiƙaƙƙun buhuna, ya hau babur. Biyar saura kwata wata tifa ta buge shi a mararraba. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa talatin da ɗaya.

Magini ne. Yana aji uku a jami'a ya ajiye karatu ya bi wani tsohon magini da kowa ke kira Baba Tsoho. Ban yi faɗa ba, amma ban taɓa taka wurin aikinsa ba, kuma ya lura.

Aikinsa na ƙarshe wani gidan jan bulo ne da ya haura shekara tamanin. An zauna a cikinsa, an yi sito, an yi ɗinki, sannan wata ungozoma, Sista, ta saye shi don ta buɗe gidan haihuwa. Dogo ya lallashe ta kada a yaɓe bangon da siminti. Sai ya ƙwaƙule tsohon kwaɓi tsakanin bulo da bulo, ya cike da farar ƙasa da yashi. Ya gama bango uku. Saura na gabas.

Kwana tara da rasuwar, Baba Tsoho ya same ni a ƙofar gida.

"Malam, jibi za su shafe bangon yaron nan. An kawo siminti. Ni in na yi magana, sai a ce tsufa ne. Kai ka yi boko."

Washegari na je. Layukan kwaɓin sirara ne, fari tas, babu wanda ya hau kan bulo. A bangon gabas aikin ya tsaya daidai kafaɗata.

Sista ta yi mini gaisuwa, sannan ta faɗi gaskiyarta. "Baba, ni haihuwa nake karɓa, ba bulo ba. Siminti kwana biyu ne. Wannan aikin sati uku, kuma mai yin sa ba ya nan."

Na roƙe ta mu zaga baya, inda masu sito suka taɓa yaɓa siminti. Baba Tsoho ya ɓamɓare ɓawon, na tura yatsa cikin bulon, ya shige kamar a gari. Na yi mata bayani: tsohon bulo yana shan ruwa yana fitarwa. Siminti yana tsare ruwan a ciki, bulon ya ruɓe.

Ta daɗe tana kallon yatsana. "Wa zai ƙarasa?"

"Ni," in ji Baba Tsoho. "Malam zai yi mini kwaɓi."

"Hannu mai laushi irin wannan?" in ji Sista.

"Zai yi kanta."

Sista ta amince. Ta buɗe ɗakuna uku, ta bar mana na gabas. Kwana goma sha tara muka yi. Daga kafaɗa zuwa sama layukan sun ɗan fi kauri, don idon tsohon ya rage. Ban bari an gyara ba.

Bayan nan muka raba kayansa. Tufafi ƙannensa suka ɗauka. Takalmansa ba su yi wa kowa ba, uwarsa ta bayar. Matarsa ta riƙe agogo da wayar. Guduma, igiyar awo da ƙananan kurfuna shida na ƙwaƙule kwaɓi da Dogo ya ƙera da kansa, na kai wa Baba Tsoho. Ya ce ya karɓa aro, kuma duk ranar da wani tsohon gida ya samu, zai aiko a kira ni.