Sandar Golf Ɗaya, Mu Biyu

A shekarata ta uku a sakandare, lokacin Kontagora tana Jihar Arewa maso Yamma, malaminmu na lissafi, wani Bature dogo, ya ce zai koma ƙasarsu bayan hutu. Yana da sandunan golf guda huɗu da yake buga ƙwallo da su a bayan filin makaranta da la'asar. Ya ce zai bar ɗaya ga wanda ya fi iya bugu a cikinmu. Mu biyu ne kawai muke zuwa wurinsa, ni da abokin zamana a benci, wani ɗan Rijau.

Na tabbata tawa ce. Ni nake kula da laburare, kuma a can na tsinci wani littafi mai hotuna a kan wasan. Na kwafe ƙa'idojinsa a bayan littafin rubutuna, guda goma sha ɗaya. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa. Hannun hagu ya miƙe. Gwiwa ta ɗan rusuna. Kai kada ya motsa sai ƙwallo ta tashi.

Da hutu na shata wurin tsayuwa da gawayi a bayan ɗakin Inna, na ɗauki tsohuwar lemar Baba na juya ta, ina bugun ƙwallon goruba da mariƙinta. Sau hamsin da safe, sau hamsin da yamma, ina rubuta waɗanda suka tafi sak da waɗanda suka karkace.

"Kai, wannan ma karatu ne?" in ji Inna. "In ka fasa min randa, Baturen ne zai ɗebo ruwa."

Abokina bai taɓa buɗe littafin ba. Shi ne sarkin makara da surutu a aji, don haka kusan kullum yana bakin fili da langalanga yana yankan ciyawar horo. Shekara uku yana lilo da ƙarfen nan, ƙugunsa na juyawa, idonsa na kan gindin ciyawa. Ni kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa ba ni horo ba. Da muka dawo hutu na ga ya ɗaga sandar ya sauke, ƙwallo ta wuce bishiyar maɗaci, sai na gane inda ya koya. Tawa tana tafiya a ƙasa kamar ƙadangare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kiyaye doka shekara uku, ga shi rashin kiyayewa ya koya masa abin da na kasa.

Ana jibi gwaji ya same ni a laburare. Akawu yake kirana, saboda yawan rubuce-rubucena.

"Akawu, me littafin naka ya ce? Ba ni satar amsa mana."

Na san abin da nake yi. Na karanta masa duka goma sha ɗayan a hankali, na sa ya maimaita, na ce dole ya tuna kowacce a lokacin da yake bugu. Haka nake yi, kuma na fara zargin hakan ne yake ɗaure min jiki.

Ranar gwaji kowa bugu uku. Nawa biyu suka tashi kaɗan, ɗaya ya tono ƙasa. Shi ya tsaya yana motsa baki, yana gyara ƙafa, yana duba gwiwa. Na farko ya kuskure ƙwallon gaba ɗaya. Na biyu ta mirgina taku goma. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Malam ya dube shi ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Me ya same ka? Yanka ciyawa kawai."

Abokina ya yi dariya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya buga. Ba mu ga inda ta sauka ba.

A hanyar komawa ɗakin kwana ya saɓa sandar a kafaɗa, yana ta yi min godiya.

"Wallahi Akawu ka yi ƙoƙari da ni. Kaina ne ba ya ɗaukar karatu. Ungo, riƙe ka ji nauyinta."

Na karɓa. Ta fi yadda nake tsammani daɗin riƙewa. Na juya ta sama da ƙasa, na bi ta da ido tun daga kai har gindi, sai da na samo inda robar mariƙin ta fara tsagewa. Na nuna masa wurin da farce.

"Tsohuwa ce," na ce. "Ba za ta kai baɗi ba."

"To," ya ce, "kafin baɗin sai mu riƙa bugawa tare."

Na miƙa masa, na ce na manta ban kulle laburare ba, na juya.